Tuƙar Gahawa a Komin Baba

Buhu uku na ɗora a bayan mota ranar da na baro Abuja zuwa gida, a ƙarshen watan Satumba na 2023. Tun kafin mu kai Kontagora ƙamshi ya cika motar. Direba ya tambaye ni me ke cikin buhunan, na ce masa taki ne. Ya dube ni ta madubi, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa jin taki mai ƙamshi ba. Fasinjoji suka yi dariya, ni ma na taya su, a raina kuwa ina jin na ɗauko wa garinmu abin da ba a taɓa kai masa ba.

Tuƙar gahawa ce a cikin buhunan, wato baƙin garin nan da ke saura bayan an tace gahawa an shanye ruwanta. Ni aikina rubuta manhajar kwamfuta ne. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na karanta kimiyyar kwamfuta, yanzu kuma ina zaune a Abuja, muna haɗa kuɗin hayar ofis da wasu masu irin sana'ata. Mu da ke raba dare a gaban kwamfuta, gahawa ta zame mana abin da goro yake ga tsofaffi. Kullum da yamma mai shara zai buɗe injin gahawar ofis ya juye tuƙar a leda. Wata biyu na yi ina karɓa a wurinsa, ina haɗawa da ta wani shagon shan gahawa da ke kusa da mu, ina shanyawa a barandar gidana har maƙwabta suka fara tambaya ko magani nake haɗawa.

Abin da ya sa ni wannan wahala wata waya ce da muka yi da mahaifina.

Garinmu Kajiji, a ƙaramar hukumar Shagari. Wanda ya taso daga Sakkwato zai wuce Boɗinga da Shagari kafin ya iso mu, daga nan hanya ta miƙe zuwa Tambuwal da Jega, wata kuma ta ratse zuwa Gummi. Baba yana da gonar tudu da yake noma gero da wake, ƙasa ce mai rairayi wadda in an yi ruwa da safe, kafin la'asar ta shanye. Yana kuma da ɗan fili a fadama inda yake noman albasa da rani. Gero shi ne ci, albasa ita ce kuɗi: kuɗin makarantar ƙannena, kuɗin asibitin Inna, kayan sallah, duk daga nan suke fitowa. Har kuɗin rajistata ta jami'a albasa ce ta biya.

A wayar, Baba bai roƙe ni komai ba, ba halinsa ba ne. Lissafi kawai ya yi mini. A 2017, lokacin shirin takin gwamnatin tarayya, an sa buhun takin zamani a kan naira 5,500. Tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 farashin ya yi ta hawa har ya ninka wancan sau da dama. Sai ga cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 600 cikin wata biyu, shi kuwa injin ban ruwa ba ya shan komai sai fetur. Ya ce bana sai dai ya zaɓa, ko taki ko mai. Ya kuma ce yayana ya kawo shawarar a ba da filin fadamar jingina, tun da ƙarfinsa ya fara raguwa, mu kuma duk mun watse birane.

Na tura masa kuɗi, amma maganar jinginar ta tsaya mini a rai. A wannan daren na shiga intanet ina neman abin da zai maye takin zamani, har na faɗa kan labarin gahawa. Na karanta cewa busasshiyar tuƙarta tana ɗauke da sinadarin naitirojin kusan kashi 2 cikin ɗari, wanda shi ne abin da ke sa ganye ya yi kore shar. Na karanta cewa tun 1995 kamfanin Starbucks yake ba masu lambu tuƙar kyauta a Amurka. Wanda ya fi ɗauke mini hankali shi ne wani gwaji da aka wallafa a 2021 daga ƙasar Kosta Rika: an juye tifa 30 ta ɓawon 'ya'yan gahawa a kan wani fili da ya mutu, bayan shekara biyu itatuwa suka rufe kashi 80 cikin ɗari na filin, alhali na kusa da shi da ba a zuba wa komai ba kashi 20 kawai ya rufu. Na kwanta ina ganin fadamar Baba ta zama haka.

Da na isa gida na kwance bakin buhu a tsakar gida, Baba ya ɗebi garin a tafin hannu, ya murza, ya shinshina.

"Injiniya, wanga fa mi na?" Haka yake kirana in yana son tsokana.

Na yi masa bayani, har da kashi 2 cikin ɗari, har da Kosta Rika. Ya saurara har na gama, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Ya ruɓe?"

Na ce ai busasshe ne, a Turai haka ake zubawa.

"In bai ruɓe ba ɗanye na. Ɗanyen taki kau wuta na." Ya kakkaɓe hannu. "Amma tunda ka sha wahala ka ɗauko, ka sa ma komi guda mu gani."

Lokacin yafa irin albasa ne. An gyara komi takwas na raino, inda iri zai yi mako shida zuwa takwas kafin a cire shi a dasa. Washegari Baba ya tafi ta'aziyya Tambuwal, ya bar ni da ƙanena mu yafa irin. Hutun kwana huɗu kawai na ɗauka, ga buhu uku a gabana, ga komi ɗaya da aka ba ni. Na ce wa ƙanena Baba tsoro ne kawai irin na tsofaffi. Yaron ya yi jim, amma ni ne babba, ni ne kuma mai digiri. Muka zuba garin da kauri, muka cakuɗa shi da ƙasar sama, muka yafa iri a kai. A komi na shida buhunan suka ƙare. Biyun da suka rage muka yi musu yadda aka saba. Da Baba ya dawo na ce masa an gama, ban ce masa komi nawa ba. Da asuba na kama hanya.

A wurin aiki muna da doka ɗaya da ko sabon ɗauka ya sani: ba a gwada sabon gyara a kan manhajar da jama'a ke amfani da ita. Sai an gwada shi a gefe, a inda in ya lalace babu wanda zai yi asara. Na sha yi wa yara faɗa a kan wannan. Ga shi Baba, wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba, ya gindaya mini wannan dokar da bakinsa, ni kuma na take ta a kan abincin gidanmu.

Bayan mako uku ƙanena ya turo mini hotuna ta WhatsApp, babu ko kalma ɗaya a ƙasansu. Komi biyu sun yi kore, irin ya fito cunkus kamar gashin buroshi. Sauran shidan kuwa tsilli-tsilli, wanda ya fito ma ya yi rawaya ya tsaya cak. Saman ƙasar ya yi ɓawo, in an zuba ruwa sai ya gangare gefe. Na kira Baba bai ɗauka ba. Inna ce ta faɗa mini sauran: ya sayi dashe a hannun wani manomi da tsada, da kuɗin da na turo na taki, kuma duk da haka rabin filin kawai ya samu ya dasa. Sauran rabin haka ya kwana a bushe har rani ya fita.

Sai a lokacin na koma na karanta abin da ya kamata in fara karantawa. A 2016 wasu masu bincike a birnin Melbon na Ostareliya sun zuba ɗanyar tuƙar gahawa a ƙasa iri-iri, suka shuka tsirrai biyar, dukkansu girmansu ya ragu. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Naitirojin ɗin da ke cikin tuƙar a ɗaure yake, shuka ba ta iya shansa sai ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa sun narkar da shi, su kuma yayin da suke wannan aiki suna jan wanda ke cikin ƙasar su yi amfani da shi, sai jaririn tsiro ya rasa. Ga kuma ragowar kafin, sinadarin nan da ke hana mu barci, da wasu 'yan uwansa masu ɗaci, waɗanda ke danne tsirowar iri. Garin kuma yana da laushi ƙwarai, in ya bushe sai ya manne ya hana ruwa shiga. Shi ya sa masu lambun da suka san abin suke haɗa shi da ganye da kashin dabbobi, kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na tarin, su bar shi watanni ya ruɓe. Gwajin Kosta Rika ma da na koma masa, ɓawon 'ya'yan itacen ne aka zuba, ba tuƙar kofi ba, a ƙasar da ruwan sama ke sauka kamar da bakin ƙwarya, kuma itatuwan daji ake son su fito, aka ba su shekara biyu. Ni kuwa jaririn albasa na binne a ciki na ba shi mako uku.

Na kuma zauna na yi lissafin da tun farko minti biyar ya isa in yi shi. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da naitirojin kashi 46 cikin ɗari, wato kilo 23. Kafin a samu kilo 23 daga tuƙar da ke da kashi 2, sai an tara kilo 1,150 busasshiya. In kowane kofi yana cin giram 10, ana maganar kofi 115,000 ke nan. Ofishinmu gaba ɗaya ba zai sha wannan ba ko a shekara goma. A Kajiji kuwa ma babu tuƙar da za a tara. Gahawar da ke teburin mai shayi Nescafé ce, wadda ke narkewa tas a ruwan zafi, tuƙarta tun a masana'anta aka baro ta. Gahawar da ake nomawa a Najeriya tana can tsaunin Mambila da wajen Jos, tafiyar kwana daga gare mu. Na ɗauko maganin da aka yi wa wata ƙasa, na kawo shi inda ko da ya yi aiki babu inda za a samo na gobe.

A watan Disamba na koma gida da kuɗi a ambulan, daidai abin da na ƙiyasta an yi asara. Na same shi a zaure bayan isha'i, na durƙusa na ba shi haƙuri, na ajiye ambulan a gabansa. Bai taɓa ta ba.

"Kuɗi ka kawo?" Ya yi shiru. "Ba albasar ta ɓata man rai ba. Albasa ta sha mutuwa a hannuna. Komi guda nic ce maka, kai kau ka tahi ba ka hwaɗa man gaskiya ba."

Ban sami abin cewa ba. Can ya tura mini ambulan da ƙafa, ya ce in bashi nake son biya, in tashi da wuri gobe.

Da safe ya kai ni bayan gida, inda tsohon jujinmu yake. Na san wurin tun ina yaro, amma ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Ya ce a zamanin mahaifinsa babu abin da ke fita daga gida ya ɓata. Toka, kashin awaki, sharar tsakar gida, ƙaiƙayi, ruɓaɓɓen jinka, duk nan ake tarawa. Damina ta dake shi, ya kwana ya ruɓe, in rani ya yi a yi ta jidarsa a mangala bisa jaki ana kaiwa gona ana jibgewa tsibi-tsibi. Bayan girbi kuma Fulani su sauka a gonar da shanunsu, su ci kara su bar taki, a ba su dame ko biyu na gero, kowa ya amfana. Yanzu jakin babu, Fulanin da suka saba sauka sun daina zuwa tun da zaman lafiya ya yi ƙaranci aka daina yarda da juna, jujin kuma ya sa fartanya ya tono mini: rabinsa leda ce, baƙa da fara da ta fiya wata, wadda ko shekara nawa ta yi ba ta ruɓewa. Ya ce tun zamanin Shagari, da aka kawo shirin bunƙasa noma a 1980 taki ya yi arha, mutane suka fara raina juji. Takin zamani yana ciyar da shuka, in ji shi, amma ba ya ciyar da ƙasa, shi ya sa gonar tudu kowace shekara sai ta nemi fiye da na bara.

Daga baya na ga masana sun rubuta irin wannan game da karkarar Kano, yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da taki, har ƙasar ta ɗauki noma shekara da shekaru ba hutu. Amma a bakin Baba na fara ji, a tsaye kan juji, da fartanya a hannuna.

Muka haƙa rami, tsawonsa taku huɗu, zurfinsa zuwa gwiwa. Kwana biyu muna tsince leda daga tsohon jujin. Ni ne na kawo shawarar mai shayi, kuma a wannan karon tambaya na yi, ban yanke hukunci ba. A bakin tasha akwai masu shayi da ke aiki tun asuba har tsakar dare saboda direbobi, kowannensu kullum yana zubar da dafaffen ganyen shayi da ɓawon ƙwai mai yawa. Wannan ita ce gahawar garinmu. Baba ya ce a gwada. Na sayi bokiti uku masu murfi na kai musu. Ɗaya daga cikinsu ya yi ta dariya, ya ce yau ga ɗan boko yana bara a bola, amma ya karɓa. Ƙanena ke zagayawa da yamma ya kwaso. Muna yage 'yar jakar shayin mu zubar da ita, mu daka ɓawon ƙwan don in ba a daka ba sai ya shekara bai narke ba. A jera busasshen kara da ƙaiƙayi a ƙasa, a bi da kashin awaki, a bi da ganyen shayi, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake jerawa. Da na so in juye toka da yawa Baba ya riƙe hannuna, ya ce tana korar ƙarfin taki. Na duba daga baya, haka ne: toka in ta yi yawa a kan kashin dabba, naitirojin ɗin tashi yake ya bi iska. Ragowar tuƙar gahawa rabin buhu da na taho da ita, ita ma ramin ta shiga, a matsayin ɗaya daga cikin kayan haɗi.

Bayan mako ɗaya na tura hannu cikin tarin na ji zafi kamar tuwon da aka sauke. Baba ya ce to, wutar da na zuba wa albasarsa ke nan, gara ta ci ta cinye a nan.

Gara ta shiga tarin, na ce a sa magani. Ya hana. Ya ce abokan cinikinsa na wajen Tawa sun ba shi labarin tassa, ƙananan ramukan da suke haƙawa a fako su zuba taki tafi ɗaya ko biyu, gara ta zo ci ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar shiga. Wannan dabara daga yankin Yatenga na Burkina Faso ta yaɗu, inda ake kiranta zai, kuma a kanta ne manomi Yakuba Sawadogo ya samu babbar lambar yabo ta duniya a 2018. A watan da muke haƙa raminmu ya rasu. Shi ma ba sabon abu ya ƙirƙiro ba, na kakanninsa ya gyara, ya faɗaɗa ramin ya ƙara masa taki.

Duk bayan mako biyu ana juya tarin. In ina gari ni ke juyawa, wannan ne biyan bashin. Da kaka ta 2024 ta zo, abin da ke ramin ya zama baƙi, mai laushi, yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Ba ka iya gane ganyen shayi daga kashin akuya. A raino ba mu taɓa komai ba. Sai wajen dashe muka ware komi tara a gefe: uku takin zamani zalla yadda aka saba, uku takin rami zalla, uku takin rami da rabin takin zamani. Na buɗe shafi a wayar ƙanena yana rubuta ranar ban ruwa da abin da ya gani. Da aka cire albasa muka auna. Na rami zalla sun zo baya, 'ya'yan ƙanana. Masu haɗin biyu sun kusa kamo na takin zamani zalla, har sai ka duba da kyau. Abin da ya fi jan hankalin Baba shi ne ƙasarsu tana riƙe laima, ana iya ƙara kwana kafin a tayar da inji.

Komi tara a rani ɗaya ba hujja ba ce da zan ce wa wani ya dogara da ita, kuma rami ɗaya ba zai ciyar da ko rubu'in fadamar ba. Har yanzu muna sayen takin zamani. Har yanzu leda na shigowa juji, kuma ɗaya daga cikin masu shayin ya daina tara mana, ya ce bokitin na jawo masa ƙuda. Amma maganar jingina ba a sake tayar da ita ba, ramukan kuma sun zama uku, maƙwabcinmu ma ya haƙa nasa.

Ina nan ina shan gahawa, mai sharar ofis kuma yana nan yana ajiye mini tuƙar, sai dai yanzu 'yar leda ɗaya nake tafiya da ita, ba buhu uku ba. Makon jiya Baba ya kira ni da kansa, abin da ba kasafai yake yi ba. Bayan gaisuwa ya ce rami na biyu ya isa juyi, ƙanena kuma yana jarrabawa.

"In za ka taho, taho da baƙin garin nan naka," ya ce. "Amma ni za ka ba shi a hannu."